Alfadarar Yidir

Litinin, 25 ga Disamba, bayan la'asar

Yau Liyali ta shiga, kwanakin nan arba'in na tsananin sanyi, amma da riga ɗaya na hau dutse. Daga filin ajiye motoci har ƙololuwa babu dusar ƙanƙara ko ta cika tafin hannu. Jan dutse kawai da kashin awaki. Kujerun waya da ke hawa da masu wasan zamiya suna rataye, iska na kaɗa su, ba kowa a ciki.

Da safe Baba ya yi maganar da na san tana tafe. Yana ɗaure igiyar tanti, bai ko dube ni ba. Ya ce, "Addi, buɗe kunnenka. In Liyali ta fita ƙanƙara ba ta sauka ba, Lalla ta tafi kasuwar Asni, a sayo kwano da azara a rufe ɗakin nan. In ta sauka, riƙe abarka, ka rufe mana shi da guminka."

Na ce na ji, Baba.

Inna tana gefe tana hura wuta.

Ɗakin mun gama ɗaga bangonsa da duwatsun tsohon gidan. Rufi kaɗai ya rage. Tun daren da ƙasa ta girgiza a tanti muke.

Lalla alfadarar yayana Yidir ce. Shi ya sa mata sunan manyan mata, don ba a yi mata gaggawa. Ba za ta je Asni ba. Ƙanƙara za ta zo.

Alhamis, 28 ga Disamba, da hantsi

Sama wasai. Iska daga gabas, wadda ba ta kawo komai sai tsagewar leɓe.

Asabar, 30 ga Disamba, bayan magariba

Motoci kaɗan sun hau daga Marakish. Mutane suka fito da manyan riguna da safar hannu, suka dubi dutse, suka dubi juna. Wata mata ta tambaye ni ina aka kai ƙanƙarar, kamar mu muka kwashe muka ɓoye. Na ce, "Tana hanya, Lalla." Alfadarata ta ɗago kai, ta ɗauka da ita nake.

Na ɗora yara biyu na zaga da su bakin tafki. Shi ke nan aikin yau.

Muna zaune jikin shagon Dda Assu, tsohon da ke ba da hayar allunan zamiya, sai Hammu ya zo yana dariya. Hammu mai alfadari ne kamar ni, sai dai bakinsa ya fi alfadarinsa aiki.

"Malamin gajimare, yau me sama ta gaya maka?"

Na ce ta ce in gaishe ka.

"To ka gaya mata yarana sun fara cin igiya."

Dda Assu ya ce, "Yaranka ko a shekarar albarka igiya suke ci, uwarsu ko tajin, romon naman kasko, ba ta iya ba." Hammu ya rantse zai kai ƙara wurin matarsa. Muka sha shayi.

Laraba, 3 ga Janairu, da azahar

Si Tawfik ya kira. Mai shagon magani ne a Kazablanka, duk hutun makaranta na ƙarshen wannan wata yakan kawo 'ya'yansa mata biyu. Yidir ne ya koya musu tsayuwa a kan allo tun suna faɗuwa kamar buhu.

Ya ce gidansa ya rabu uku. Uwargida tana son garin Ifran, ta ce a can akwai otal mai ɗumi da hanya mai kyau, ko ba ƙanƙara a ga birai a daji. Ƙaninta ya ce a ƙetara Sifen, inda injina ke feso ƙanƙara ko sama ta so ko ta ƙi. Yaran kuma sun ce su dutsenmu ko a zauna a gida.

"Addi, kai ne idona a can. Wayata ta ce rana har mako biyu. Kai me ka gani?"

Na ce yau babu komai, Si Tawfik. Amma kada ka kama ɗaki a wani wuri tukuna. Ka ba ni zuwa ashirin ga wata.

Ya ce ya ba ni. Sai ya fara cewa, "Yaran suna ta tambayar Yidir, ban san yadda…" Na ce layin ba kyau, zan kira shi.

Jumma'a, 5 ga Janairu, bayan sallah

An yi roƙon ruwa a masallacin katako. Liman ya daɗe yana addu'a. Na lura wasu dattawan amin ɗinsu ba ta da ƙarfi. Rabin ƙauyen a ƙarƙashin leda yake kwana, ban ga laifinsu ba. Ni dai tawa amin har ta bayan sahu an ji.

Litinin, 8 ga Janairu, da yamma

Na yi faɗa da Hammu.

Dama kowa ya san abin da ake yi. Mutumin birni ya kira ya ce akwai ƙanƙara, sai a ce akwai, a tura masa hoton bara. In ya hau ya tarar da dutse tsirara, ai ya riga ya zo, zai hau alfadari, zai ci tajin, zai sayi zuma. Yidir bai taɓa yi ba, ni ma ba na yi. Amma ban taɓa hana wani ba.

Yau Hammu ya miƙo min wayarsa yana alfahari, wai dubi abin da ya tura wa mutum goma sha. Hoton bara waccan ne, gangaren yara fari fat. A gefe, ta hagu, akwai mutum da jar hula ya sunkuya yana ɗaure wa wata yarinya takalmi.

Na ce ya goge.

Ya ce, "Kai ɗan liman, ka ci gaskiyarka ka ƙoshi, ka bar ni."

Na ce ya dubi hagu.

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Wallahi Addi ban lura ba." Ni kuma na riga na riƙe masa wuyan riga, sai da Dda Assu ya zo da sandar zamiya ya shiga tsakani.

Hular ta Yidir ce, tana cikin akwatin Inna. Ita ce aka fara gani ranar da aka tono gawarsa daga duwatsun gidan.

Talata, 9 ga Janairu, da safe

Hammu ya ajiye min rabin buhun sha'ir a bakin turke. Na ɗiba na zuba wa Lalla.

Asabar, 13 ga Janairu, bayan magariba

Sabuwar shekarar manoma. Inna ta yi tagula, kunun sha'ir mai kauri, ta zuba man shanu da zuma a tsakiya, ta ɓoye ƙwallon dabino a ciki kamar kullum. Wanda ya samu, shekarar tasa ce. Muka zauna a zagaye da akushi. Ta fito da cokula huɗu, ta tsaya, ta mayar da ɗaya.

Ni na sami ƙwallon. Baba ya ce, "To, mai sa'a, sai ka gaya wa sama." Har ya ɗan yi murmushi.

Inna tana tari tun shekaranjiya. Ta ce hayaƙin gawayi ne.

Za ta zo. Ban taɓa ganin Liyali ta shiga ta fita hannu rabbana ba. Baba ya ce shi ya gani sau biyu.

Talata, 16 ga Janairu, da la'asar

Dda Assu ya tara mu. Ya ce in ƙanƙara ba ta zo wurinmu ba, mu je wurinta. A bayan dutse, cikin kwazazzabon da rana ba ta leƙawa, akwai ragowar wadda ta ɗan sauka a Nuwamba, ta daskare. Ya ce kakansa da ita yake ci, yana lulluɓe ta da karan sha'ir ya kai Marakish a kan alfadari, masu kuɗi su sanyaya abin sha. Mu yi gayya, mu kwaso a mangala, mu shimfiɗa a gangaren yara. Ko faɗin tabarma goma ne, yaro ya zame, uba ya ɗauki hoto, labari ya sauka birni.

Hammu ya ce, "Dda, wannan da hoton bara meye bambancinsu?"

Dda Assu ya ce, "Wannan tana jiƙa wando."

Kowa ya yarda.

Alhamis, 18 ga Janairu, bayan isha

Kafaɗuna sun mutu. Kwana biyu muna sara da cebur muna lodi. Hanyar kwazazzabon siririya ce, sauran alfadaran sai an ja su ana zagi. Lalla ita ke gaba, ba ja ba duka, tana duba kowane dutse kafin ta taka. Hammu ya ce wannan ba dabba ba ce, tsohuwar alƙaliya ce aka mayar.

Mun shimfiɗa, mun tattake da ƙafa, mun yayyafa ruwa. Ta yi kyau. Na ɗauko allunan Yidir na gwada, na zame daga sama har ƙasa, sai da na ji iska a haƙorana. Mutanen suka yi ta ihu kamar yara. Muka lulluɓe ta da karan sha'ir mai kauri saboda ranar gobe. Asabar za a buɗe.

Na ce a raina in wannan ta yi, zan roƙi Baba ya lissafa ta a matsayin sauka.

Jumma'a, 19 ga Janairu, da hantsi

Awaki.

Ba wanda ya tuna da su. A kowace shekara iwar haka makiyaya sun daɗe da gangarawa da garkensu, don dutse ya rufe. Bana bai rufe ba, suna nan. Mu kuma muka shimfiɗa musu karan sha'ir a fili, a shekarar da ba ciyawa, muka tafi gida muka kwanta.

Da muka iso garken Muha makiyayi duka yana kai. Sun cinye karan, sun tattake sauran, sun bar mana abin da awaki ke bari. Rana ta ƙarasa aikin. Laka ce kawai baƙa.

Hammu ya bi Muha da gudu yana cewa, "Ɗan asara, ka biya mu!" Muha yana gudu yana cewa, "Allah ya saka da alheri, wa ya yi wannan sadaka?" Dda Assu ya zauna a kan dutse ya yi ta dariya har hawaye, ya ce kakansa ya manta bai gaya masa wannan ba.

Ni ma na yi dariya. Da na zo kwance wa Lalla akumari ne dariyar ta ɗauke.

Asabar, 20 ga Janairu, da azahar

Na kira Si Tawfik kamar yadda na yi alkawari. Na ce babu. Na ba shi labarin awaki, ya yi dariya har yana kiran matarsa ta zo ta ji. Ya ce to sai Ifran ke nan. Na ce ya ƙara min mako ɗaya, hutun ai ba zai ƙare kafin nan ba. Ya ce, "Addi, kana da wani abu da ka gani ne, ko fata ce?" Na ce fata ce, amma tawa ba ta cika faɗuwa ba.

Ya ce zai gaya wa uwargida motar tana wurin gyara.

Litinin, 22 ga Janairu, da yamma

Dillali ya zo daga Asni, wai hanya ce ta biyo da shi. Ya buɗe wa Lalla baki, ya ɗaga ƙafafunta. Baba yana tsaye. Na tafi ɗebo ruwa duk da tulunan a cike suke.

Laraba, 24 ga Janairu, da asuba

Tarin Inna ya koma ƙirji.

Alhamis, 25 ga Janairu, da la'asar

Iska ta juya! Tun da hantsi take zuwa daga yamma, da laima a cikinta, ana jin ta a hanci. Baƙaƙen tsuntsayen ƙololuwa masu jan baki sun sauko har kan bangon ɗakinmu, abin da ba sa yi sai sun ga abin da ya kore su. Lalla ta juya gindinta yamma ta ƙi cin abinci. Dda Assu ya ce gwiwarsa tun jiya take masa magana.

Na kira Si Tawfik na ce ya karɓo motarsa daga wurin gyara.

Na ƙara wa tanti igiya biyu. Na gaya wa Inna, ina murna. Ta dubi rufin ledar ta ce, "Allah ya sa alheri, ɗana."

Jumma'a, 26 ga Janairu, da azahar

Ta zo.

Jumma'a, bayan la'asar

Tun safe take zuba, manya-manya, a hankali, ba iska. Itatuwan tuffa sun ɓace, hanya ta ɓace, tarin duwatsun gidajen da suka faɗi duk ya zama fari sumul kamar ba a taɓa yin komai a nan ba. Na tsaya a waje na buɗe baki kamar yaro.

Ni da Baba muna karɓa-karɓa, ana bugun rufin tanti daga ciki da tsintsiya don kada ta taru. Ba wuya, in mutum biyu ne.

Gobe motar share hanya za ta hau. Zan kwana biyu a shagon Dda Assu, don hawa da sauka a wannan zurfin zai cinye rabin yini. Baba ya ce in tafi. Na tambaye shi sau biyu, ya ce in tafi.

Asabar, 27 ga Janairu, bayan magariba, a shagon Dda Assu

Irin wannan ranar ake jira! Motoci har sun rasa wurin tsayawa. Kujerun waya sun ƙi tashi da safe saboda sanyi, sai kowa ya koma kan alfadarai. Ni da Lalla mun yi ta hawa da sauka, mutum a sirdi, alluna a gefe, ban zauna ba sai sallah. Hammu muryarsa ta dushe saboda ciniki. Ya ce da yana da alfadari na biyu da ya auri mata ta biyu. Dda Assu ya ce ta farkon ma a kan kuskure ta zo.

Si Tawfik ya iso da azahar. Uwargida ta fito daga mota ta dubi dutsen ta ce, "To, na yafe wa makanikin." Yaran sun girma. Babbar ta gaishe ni, ta dubi allunan da ke ƙafata, ta gane su. Ƙaramar ta rungume wuyan Lalla ta daɗe a haka.

Na hau da su har rabin dutse. Sun iya. Yadda babbar ke karya gwiwa in za ta juya, nasa ne sak.

Yamma ta yi, an fara wata zubar. Kowa a shagon yana tafi.

Lahadi, 28 ga Janairu, bayan isha

Na sauko da wuri don in kai musu nama da gawayi.

Sandar tsakiyar tanti ta karye tun jiya. Ta fi ƙarfin mutum ɗaya da tsintsiya. Baba ya tokare ledar da ƙofar tsohon gidan. Hannuwansa sun kumbura, ba ya iya riƙe kofin shayi sai da biyu. Barguna duk sun jiƙe. Inna tana kwance a tantin maƙwabta, su tara a ciki, in ta ja numfashi ana ji daga waje.

Na ce me ya sa ba a kira ni ba.

Baba ya ce, "Ranar aikinka ce." Sai ya ce, "Ta sauka kafin Liyali ta fita. Magana magana ce. Lalla taka ce, na aika wa dillali kada ya dawo."

Na ce na gode, Baba.

Ɗakin yana nan da bangonsa huɗu, cike da ƙanƙara har gwiwa.

Litinin, 29 ga Janairu, da safe

Na ci nasara.

Litinin, da la'asar

Ban hau ba yau. Na kwashe ƙanƙarar ɗakin, na shanya barguna a jikin wuta. Abin da na samo a kwana biyu ya yi magani da gawayi da sabuwar sanda. In aiki ya tafi haka, zan rufe ɗakin a Maris. Na yi ta juya wannan a kaina ina kwasa. A Maris.

Iska har yanzu daga yamma take. Tsuntsayen ba su koma sama ba. Na san abin da hakan ke nufi, ni da nake ta roƙonsa.

Na ba Lalla sha'ir fiye da ƙa'ida. Na tsefe mata jiki.

Talata, 30 ga Janairu, da azahar

Na sami Hammu a bayan shago na ce, maganar alfadari na biyu, da gaske yake ko baki ne.

Ya ce, "Kai, bar wasa." Da ya ga fuskata ya ce, "Addi, yanzu? Yanzu da abin ya zo? Ka haukace?"

Na ce yanzu ne take da daraja. Kuma ba na son ta je hannun wanda zai sa ta jan bulo a Asni.

Bai yi ciniki ba. Hammu, wanda ke ciniki a kan kofin shayi. Dda Assu ya haɗa hannuwanmu, aka shafa fatiha. Ƙanin matar Hammu zai riƙa jan ta.

Na sauko da ƙafa. Da Baba ya gan ni ba ragama a hannu, ya miƙe ya ce, "Ban ce ka yi ba."

Na ce na sani, Baba.

Ya koma ya zauna. Can ya ce mai motar ɗaukar kaya ɗan Dda Lahsan ne, a kira shi tun yau.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, bayan magariba

An rufe. Maza takwas suka zo, har da Muha mai awaki, wanda ya ce ya zo biyan kuɗin kara. Mun buga kwano na ƙarshe ana fara yayyafi fari. Mun shimfiɗa ƙasa da kara a ƙarƙashinsa don ɗumi. Inna ta shiga da ƙafar dama, ta zauna kusa da murhu, ta yi ta kallon sama. Ta yi barci tun kafin a sauke shayi.

Asabar, 3 ga Fabrairu, da yamma

Liyali ta fita jiya. Ƙanƙara har ƙugu a sama.

Yanzu koyarwa nake yi a gangaren yara, alluna a kafaɗa. Si Tawfik ya ba abokansa lambata, mutum biyu sun kira suna tambaya ko su zo. Na ce su zo, akwai. Aiki zai kai Maris, wataƙila ya wuce.

Da azahar ina nuna wa wani yadda ake tsayawa, sai ga Lalla ta taho da wani ƙaton mutum a bayanta. Da ta zo daidai ni ta tsaya. Ƙanin matar Hammu ya ja, ya ja, ya yi magana, ya daki sirdi. Ko motsi. Layin alfadarai ya taru a bayanta, ƙaton yana tambaya ko ta lalace ne.

Hammu ya taho yana haki. A hankali ya ce, "Addi, don Allah."

Ban taɓa ta ba. Na ɗauki alluna na zaga bayan babban dutsen nan na tsaya inda ba za ta gan ni ba. An daɗe. Sannan na ji takunta ya ci gaba.

Daga gobe a ɗaya gefen gangaren zan riƙa koyarwa.